Mu Koyi Turanci: Kalmar "Declare", Ma'anarta, Asalinta da Nauyinta

 

Kalmar da za mu ɗauka a wannan wata ita ce "declare". Harufanta 7 ne kacal, amma tana cikin kalmomin da suka fi yawo a takardun hukuma. Tana cikin takardar shaidar shekaru da ake yi a kotu. Tana cikin fom ɗin neman aiki, da na banki, da na kwastan. Tana kuma bakin jami'in zaɓe ranar faɗin sakamako. Mutane da yawa suna sa hannu ko su dangwala yatsa a ƙarƙashinta ba tare da sanin nauyin da suka ɗora wa kansu ba. Saboda haka a gyara zama, a ɗauko littafi da fensir.

Yadda ake rubuta ta da furta ta

Ga harufanta: d, e, c, l, a, r, e. Ana furta ta kamar haka: di-kle-ya. A danna murya a kan "kle", a taɓa "ya" ɗin ƙarshe kaɗan kawai. A lura cewa harafin c a nan yana da sautin k. Mu Hausawa mun saba sa wasali tsakanin baƙaƙe biyu, shi ya sa za ka ji ana cewa dikiliya. A yi ƙoƙari a haɗa k da l wuri guda. Malamin aji ya furta sau 3, ɗalibai su maimaita.

Ma'anarta

"Declare" aikatau ce, wato kalma mai nuna aiki. Ma'anarta ita ce mutum ya faɗi magana a fili, a sarari, da niyyar a riƙe shi a kanta. Babu kalmar Hausa guda ɗaya da ta tattara wannan duka, don haka muna fassara ta bisa ga wurin da ta zo. Wani lokaci mu ce bayyana, kamar bayyana kadarori. Wani lokaci mu ce ayyana, kamar ayyana wanda ya ci zaɓe. Wani lokaci mu ce shela, kamar shelar yaƙi. Wani lokaci kuma mu ce kafa, kamar kafa dokar ta-ɓaci.

Turanci yana da wasu kalmomin na faɗin magana, ya kamata mu bambanta su. "Say" ita ce faɗi kawai, irin na hira a ƙofar gida. "Tell" ita ce gaya wa wani. "Announce" ita ce sanarwa, irin ta mai shela ko ta gidan rediyo. "Claim" ita ce da'awa, wato maganar da ba a riga an tabbatar da ita ba. "Swear" ita ce rantsuwa. "Declare" ta fi kusa da sanarwa da rantsuwa, domin tana da abubuwa 3 da suka keɓanta da ita. Na farko, a fili ake yin ta, gaban shaidu ko a rubuce. Na biyu, mai yin ta yana da iko a kan al'amarin, ko kuma shi ne mai alhakinsa. Na uku, maganar tana da abin da ke biyo bayanta.

Ga misali. Idan manomi ya ce wa maƙwabcinsa ya ga jinjirin wata, ya faɗi ne kawai. Amma idan Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya tabbatar da ganin wata ya ce gobe a tashi da azumi, jaridun Turanci kan yi amfani da "declare", domin maganarsa ce miliyoyin jama'a za su yi aiki da ita.

Asalinta

Wannan kalma ba haifaffiyar Ingila ba ce. Tushenta harshen Latin ne, wato harshen mutanen Rum na dā, a ƙasar da yau ake kira Italiya. A Latin ana cewa "declarare". Gida biyu aka haɗa. Akwai "clarus", ma'ana abu mai haske, ko abin da ya fito garau, ko murya mai fita tangaran. Sai kuma "de" da aka ɗora a gaba don ƙarfafawa, kamar yadda muke cewa sarai ko ƙwarai. Idan aka haɗa su, ma'anar ita ce fito da abu sarai yadda babu sauran duhu a kansa. Ku tuna da ruwan rijiya da aka ɗebo da laka, aka bar shi a randa ya kwanta har ana ganin gindin randar. Haka mai yin "declare" yake yi wa magana.

Mutanen Rum da kansu sun yi amfani da wannan kalma wajen shelar wanda aka zaɓa a kan muƙami, fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ashe aikin da take yi ranar zaɓe a yau tsohon aikinta ne.

To, yaya aka yi ta shiga Turanci? Harshen Faransanci ɗan Latin ne, ya kuma gaji wannan kalma. A shekarar 1066 wani basarake mai suna Wiliyam, daga yankin Nomandi na arewacin Faransa, ya ƙetare teku ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a a Ingila har kusan shekara 300, talakawa kuwa suka ci gaba da Turancinsu. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Turanci. Kafin nan dubban kalmomin Faransanci sun riga sun zauna daram a cikin Turanci, musamman na mulki da na kotu, irin su "judge", wato alƙali, da "court", wato kotu. "Declare" tana cikin wannan ayari, an kuma fara ganin ta a rubuce-rubucen Turanci a ƙarni na 14.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Haka Hausa ta karɓi alƙali, da shari'a, da hukunci, da shaida daga Larabci ta hanyar addini da ilimi. Wani abin sha'awa kuma shi ne, kalmominmu na bayyana da bayani daga Larabci suke, kuma tushensu yana nufin fitowar abu a sarari. Harsuna biyu masu nisa da juna, amma tunanin ɗaya ne: magana mai nauyi ita ce wadda ta kawar da duhu.

'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar, inda aka daɗe ana aikin ofis da Faransanci, sun san wannan kalma da sigarta ta Faransanci, musamman wajen kai rahoton haihuwar yaro ga hukuma.

Danginta

Kalmar tana sauya kama gwargwadon lokaci da mai yin aikin.

"I declare": ina bayyanawa.
"He declares": yana bayyanawa, ko yakan bayyana.
"She declared": ta bayyana.
"They are declaring": suna cikin bayyanawa.
"He was declared": an ayyana shi.

Sunan aikin shi ne "declaration", mai harufa 11, ana furta shi de-kla-re-shan. A lura da rubutunsa: an jefar da e ɗin ƙarshe, an ɗora "ation". Shi kuma mutumin da ya yi bayanin ana kiransa "declarant". Idan ka ga wannan kalma a ƙasan takarda da layi a gefenta, wurin sa hannunka ke nan. Kalmar "clear", wadda ke nufin garau ko a sarari, ita ma daga "clarus" ta fito, don haka 'yan gida ɗaya ne.

Idan masu mulki suka yi amfani da ita

Tarihin duniya ya nuna cewa wannan kalma takan sauya rayuwar al'umma a rana ɗaya. Ranar 4 ga Yuli 1776 wakilan yankuna 13 na Amurka da ke ƙarƙashin Ingila suka amince da takardar shelar 'yancin kansu a birnin Filadelfiya. Sunan takardar da Turanci "Declaration of Independence". Ranar 3 ga Satumba 1939 Ingila ta yi shelar yaƙi a kan Jamus. A London aka yi maganar, amma ta kai samarin ƙasar Hausa har dazuzzukan Bama, inda suka yi yaƙi cikin rundunonin Afirka ta Yamma. Ranar 10 ga Disamba 1948 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shelar haƙƙoƙin ɗan'adam a birnin Paris, mai sassa 30, wadda aka fassara zuwa harsuna masu yawa har da Hausa.

A gida Nijeriya ma mun ga ƙarfinta. Ranar 30 ga Mayu 1967 Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu ya yi shelar ɓallewar Jihar Gabas da sunan Biyafara. Gwamnatin tarayya ba ta amince ba, aka shiga yaƙin basasa daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970, aka yi asarar rayuka masu ɗimbin yawa.

Zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yuni 1993 shi ma darasi ne. Jama'a sun jefa ƙuri'a, amma gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta soke zaɓen kafin hukumar zaɓe ta ayyana wanda ya ci. Ranar 11 ga Yuni 1994 Alhaji M.K.O. Abiola ya ayyana kansa a matsayin shugaban ƙasa a Legas. Aka kama shi, ya kuma rasu a tsare ranar 7 ga Yuli 1998. Sai a 2018 gwamnatin tarayya ta karrama shi, ta kuma ayyana 12 ga Yuni a matsayin Ranar Dimokuraɗiyya. Abin lura ga ɗalibi shi ne, a dokar zaɓe ɗan takara ba ya zama zaɓaɓɓe sai jami'in da aka ba wannan aiki ya ayyana shi. Shi ya sa ranar zaɓe kowa ke kasa kunne yana jiran kalmar "declared".

Su ma masu mulki doka ta ɗora musu nata "declare". Tsarin Mulki na 1999 ya wajabta wa masu riƙe da muƙaman gwamnati su bayyana kadarorinsu ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara 4, da lokacin sauka. A 2007 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙara da bayyana nasa ga jama'a baki ɗaya.

Idan talaka ya yi amfani da ita

Kada mai karatu ya ɗauka wannan kalma ta manya ce kawai. Akwai wurare 3 da manomi, ko ɗan kasuwa, ko matar aure za su gamu da ita.

Wuri na farko shi ne ƙarshen fom. Kusan kowace takardar cikewa, ta neman aiki ce, ko ta rancen noma, ko ta buɗe asusu a banki, tana ƙarewa da jimla irin wannan: "I declare that the information given above is true." Fassararta: Na tabbatar cewa bayanan da na bayar a sama gaskiya ne. Da zarar ka sa hannu, duk abin da ke cikin takardar ya zama maganarka, ko da wani ne ya cike maka. Idan akawu ya rubuta kana da gona kadada 10 alhali 2 gare ka, kai za a tuhuma.

Wuri na biyu shi ne bakin iyaka da filin jirgin sama. Jami'in kwastan kan tambaya: "Anything to declare?" Wato, kana ɗauke da wani abin da ya kamata ka nuna wa hukuma? Dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ta ce duk mai shiga ko fita Nijeriya da tsabar kuɗi da suka haura dala 10,000, ko kwatankwacinsu, dole ya bayyana su ga kwastan. Wanda ya ɓoye yana iya rasa kuɗin, ya kuma fuskanci shari'a. Fatake da maniyyata aikin hajji su riƙe wannan da kyau.

Wuri na uku, wanda ya fi shafar mutanen karkara, shi ne takardar shaidar shekaru. Sunanta da Turanci "Statutory Declaration of Age". Yawancin manyanmu an haife su a gida, ba a yi musu rajistar haihuwa ba. Idan buƙata ta taso, sai a je kotu gaban kwamishinan rantsuwa. Yawanci mahaifi, ko mahaifiya, ko wani babba a dangi wanda ya san lokacin haihuwar shi ne ke yin bayanin. Takardar takan fara da "I do solemnly and sincerely declare", ma'ana: Ina bayyanawa da gaske, tsakani da Allah. Wannan salo daga Ingila muka gaje shi, inda aka yi doka a 1835 don a rage yawan rantse-rantse a ofisoshi, a maye gurbinsu da irin wannan bayani. A Nijeriya Dokar Rantsuwa ta 1963 ce ta tanadi yadda ake yin sa. Ko an dafa littafi mai tsarki ko ba a dafa ba, ƙarya a cikin wannan takarda laifi ce da ke iya kai mutum gidan kurkuku.

Wasu na rage shekaru don su sami shiga aikin soja ko ɗan sanda, ko don su daɗe a bakin aiki, tunda yawancin ma'aikatan gwamnati suna yin ritaya ne idan sun kai shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki. Wasu kuma ƙarawa suke yi don tsayawa takara. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Yuli 1999 Kakakin Majalisar Wakilai, Alhaji Salisu Buhari, ya sauka daga kujerarsa bayan ta bayyana cewa ya ƙara wa kansa shekaru, kuma takardar digirin da ya gabatar ba ta gaskiya ba ce. Kotu ta hukunta shi, daga baya gwamnati ta yi masa afuwa. Idan haka ta faru ga mai riƙe da babban muƙami, ina ga talaka?

A yau ɓoyon ya ƙara wuya. Ranar haihuwar mutum tana cikin kwamfutar hukumar katin ɗan ƙasa, tana kuma cikin ta banki. Idan suka saɓa wa juna sai a ga asusu ya ƙi aiki, ko kuɗin fansho sun maƙale, ko an hana yaro rajistar jarrabawa. Gyaran kuwa yana cin kuɗi da zirga-zirga.

Shawarwari 5

1. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a kan takardar da ke da "declare" ko "declaration" sai an karanta maka ita an fassara. Wannan haƙƙinka ne. Dokar Shaida ta 2011 ta ce idan mai yin takardar rantsuwa bai iya karatu ba, ko makaho ne, sai an rubuta a ƙasanta cewa an karanta masa, ya kuma nuna ya fahimta.

2. Kada ka sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba. Wanda ya ce sa hannu kawai, ni zan cike daga baya, ya karɓi bakinka ne zai yi magana da shi.

3. Idan ba ka san shekarar haihuwarka ba, tambayi dattawa, ku auna da abubuwan da kowa ya sani. Zuwan Sarauniyar Ingila, 1956. Samun 'yancin kai, 1960. Komawa tuƙin hannun dama, 1972. Canjin kuɗi daga fam zuwa naira, 1973. Rasuwar Janar Murtala Muhammed, 1976. Ƙidayar jama'a, 1991 da 2006. Matambayi ba ya ɓata.

4. Ka tsaya a kan rana ɗaya da suna ɗaya a duk takardunka. Idan ka rubuta Muhammadu a wannan, kada ka rubuta Mamman a waccan. Adana takardar a cikin leda, nesa da ruwa da gara.

5. Ka yi wa 'ya'yanka rajistar haihuwa da wuri. Tun 1992 doka ta wajabta wannan, kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayar da takardar. Yaron da ke da ita ba ya buƙatar kowa ya je kotu dominsa. Rigakafi ya fi magani.

Jimlolin gwaji

A karanta waɗannan da ƙarfi, a kwafe su a littafi.

"The government declared Monday a public holiday." Gwamnati ta ayyana Litinin a matsayin ranar hutu.

"I have nothing to declare." Ba ni da abin da zan nuna wa kwastan.

"She was declared the winner." An ayyana ta a matsayin wadda ta yi nasara.

"The chairman declared the meeting open." Shugaba ya buɗe taro.

"My father signed the declaration." Mahaifina ya sa hannu a takardar bayanin.

A kula da wani kuskure da ake yawan yi. Ba a amfani da wannan kalma a ƙananan maganganun yau da kullum. Idan kana so ka ce ka gaya wa ƙanenka ya ɗaure akuya, "tell" za ka ɗauka. A ajiye "declare" don maganar da ke da shaidu da alhaki.

Aikin gida

1. Rubuta kalmar "declare" sau 5, da "declaration" sau 5.
2. Daga wane harshe wannan kalma ta samo asali, kuma me "clarus" ke nufi?
3. A wace shekara Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi?
4. Kawo kalmomin Hausa 3 da ake fassara "declare" da su.
5. Wa ake kira "declarant"?
6. Faɗi abu 2 da ya kamata ka yi kafin ka sa hannu a fom.
7. Nemi wata tsohuwar takarda ta hukuma a gidanku, ka duba ko za ka ga wannan kalma a ciki, ka kawo wa malamin aji ku karanta tare.

Muna roƙon malaman ajujuwa su duba amsoshin ɗalibansu, su kuma kawo tsohon fom guda a gwada cike shi a allo. Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa maƙwabcinsa da bai fara zuwa aji ba, ya kuma ja hannunsa ya kai shi. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa. To, wadda aka rubuta aka dangwala mata yatsa ta fi wuyar komawa.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa da wata kalmar, in Allah ya kai mu. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.